Uwa ce ta yi tafiyar: yadda DNA na mitokondiriya ya bi sawun ƙudan zuman Afirka daga Barazil zuwa Texas

A watan Oktoban 1990 aka kama wani ayarin ƙudan zuma a cikin tarko kusa da garin Hidalgo, a bakin iyakar jihar Texas da ƙasar Meziko. Gwajin da aka yi masa ya tabbatar da abin da hukumomin noma na Amurka suka daɗe suna fargaba. Zuri'ar zuman Afirka da ta kuɓuce a kudancin Barazil shekara 33 kafin nan ta iso ƙasarsu da fikafikanta, bayan ta ratsa dajin Amazon da ƙasashe fiye da goma. Isowar kam kowa ya yarda da ita. Abin da ya raba kan masana shi ne mene ne ainihin abin da ya iso. Wasu suka ce zuman Afirka ne tsantsa wanda ya ture na Turai ya wuce. Wasu suka ce ruwa-biyu ne, wato zuman Turai da mazan Afirka suka yi ta barbara har halinsa ya sauya. Wani ɗan guntun DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai shi ne ya fara yanke wannan gardama, kuma daga baya shi ne ya so ya ɓatar da masu dogaro da shi fiye da kima.

Asalin lamarin

Nahiyoyin Amurka ba su da ƙudan zuma irin na amya, wanda masana ke kira Apis mellifera, sai da Turawa suka kai shi. Ya isa Virginia a 1622, ya isa Barazil a 1839. Irin da aka fara kai wa shi ne baƙin zuma na yammacin Turai, daga baya aka ƙara da na Italiya. Waɗannan iri ne na ƙasashen sanyi. Dabararsu ita ce tara abinci da yawa a gida ɗaya, a dunƙule a jira hunturu ya wuce. A yankunan Barazil masu zafi da danshi ba su yi ƙarko ba, zuman da suke bayarwa kaɗan ne, kuma ba su iya yaɗuwa a daji yadda ya kamata ba.

Saboda haka a 1956 wani masanin ilimin gado ɗan Barazil, Warwick Kerr, ya tafi Afirka ya ɗebo sarauniyoyin zuma, akasarinsu daga yankin Pretoria a Afirka ta Kudu, kaɗan kuma daga Tanganyika, wadda yau take cikin Tanzaniya. Niyyarsa ya haɗa su da na Turai ya fitar da irin da zai jure zafi kuma ya yi sauƙin kiwo. Aka ajiye su a wata gonar zuma kusa da Rio Claro a jihar São Paulo, aka sa wa ƙofar kowace amya raga mai ƙananan ramuka, wadda ma'aikata za su iya bi amma sarauniya ba za ta iya ba. A 1957 wani mai kiwon zuma da ya zo wurin ya cire ragar, ayari 26 suka fice da sarauniyoyinsu suka shiga daji. Da farko an sa su cikin irin adansonii, sunan da daga baya aka keɓe wa zuman Afirka ta Yamma, kuma da wannan suna aka yi ta rubuta su shekaru da yawa. Daga baya aka gyara: scutellata ne, zuman filayen ciyawa na gabashi da kudancin Afirka.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya yi tsammaninsa. Suka riƙa cin ƙasa da gudun kilomita 300 zuwa 500 a shekara a wurare masu zafi. Sun kai Fanama a 1982, kudancin Meziko a 1986, Texas a 1990, Arizona a 1993, Kalifoniya a 1994. Ta kudu kuwa sun ja birki a tsakiyar Ajantina, inda sanyi ya fara tsananta. Duk inda suka sauka masu kiwo sukan ga gidajen zumansu sun yi zafin rai, suna fitowa da yawa su yi harbi, suna bin mutum nesa, suna yawan tashi su bar amya. Mutane da dabbobi sun mutu, masu kiwo da yawa sun ajiye sana'ar, kafin wasu suka koyi yadda za su zauna da sabon irin.

Gardamar da abin da ya rataya a kanta

Masu ra'ayi na farko sun ce maza ne ke yaɗa halin. Sarauniyar zuma a sararin sama take barbara, da maza goma zuwa ashirin, daga gidaje daban-daban. Idan mazan Afirka suka cika wani yanki, sarauniyoyin Turai da ke amyoyin masu kiwo za su haifi ruwa-biyu, su kuma su haifi wasu, haka abin zai yi ta gaba. In haka ne, jinin Afirka zai riƙa tsarma a hanya, domin gidaje 26 kaɗai suka kuɓuce a nahiyar da ke da gidajen zuman Turai bila adadin. Masu ra'ayi na biyu suka ce a'a, iyaye mata ne ke tafiya. Gida ya cika, tsohuwar sarauniya ta tashi da rabin jama'arta ta sami kogon itace a gaba, bayan 'yan watanni wannan ma ya rabu, kuma ba sai sun bi ta amyar kowa ba.

Wannan gardama tana da kuɗi da manufa a bayanta. A ƙarshen shekarun 1980 Amurka da Meziko sun haɗa gwiwa sun kafa shinge a mashigin Tehuantepec, inda ƙasar Meziko ta fi tsukewa. Cikin dabarunsu har da cika yankin da mazan Turai da sauya sarauniyoyi a amyoyi, da fatan a tsarma jinin masu zuwa. Wannan dabara tana da ma'ana ne kawai idan ra'ayi na farko shi ne daidai. Kuma duban ido ba ya raba gardamar. Zuman Afirka ya ɗan fi na Turai ƙanƙanta, sai an auna jijiyoyin fiffike da tsawon ƙafa a ɗakin bincike ake gane bambancin, kuma awon ba ya nuna ta wajen wa aka yi gadon.

Dalilin da ya sa aka koma ga mitokondiriya

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai cibiya, inda mafi yawan DNA yake. Na zuma an raba shi cikin ƙunshi 32 da ake kira kuromozom a jikin mace, 16 daga uwa, 16 daga uba. Namiji yana da 16 kacal, domin daga ƙwan da ba a haɗa da maniyyi ba yake fitowa, ba shi da uba sam. Wannan DNA na cibiya yana cakuɗewa a kowane ƙarni. Amma a wajen cibiya akwai wasu ƙananan sassa masu samar wa ƙwayar halitta kuzari, su ne mitokondiriya, kuma suna da nasu ɗan DNA mai siffar zobe. A 1993 Ross Crozier da Ching Crozier a Ostireliya suka karanta na zuman Italiya gaba ɗaya: haruffa 16,343, kusan kashi 85 cikin ɗari A da T ne. Ƙwayoyin gado 37 ne a cikinsa, 13 daga ciki na haɗa furotin ɗin da ake ƙona abinci da su. Idan aka kwatanta da DNA na cibiya, mai haruffa sama da miliyan 200, ɗan mitsitsi ne.

Amfaninsa yana cikin hanyar da ake gadonsa. Daga ƙwai yake zuwa, wato daga uwa, kuma ba ya cakuɗewa da na uba. A zuma ma an gano wani abin mamaki: Michael Meusel da Robin Moritz sun nuna a 1993 cewa mitokondiriyar uba tana shiga ƙwai da ɗan yawa a farko, amma kafin tsutsa ta girma sai ta ɓace, ta uwa ta rage. Tunda sarauniya ɗaya ce ke haifar kowa a gida, dubban ma'aikata da maza duk alama ɗaya suke ɗauke da ita. Ƙudan zuma guda ya isa a san tsatson uwar gidan baki ɗaya. Ko da sarauniyoyin Turai sun yi ƙarni ashirin suna barbara da mazan Afirka, alamar uwa za ta ci gaba da cewa Turai. Ga tambayar da ake yi, babu ma'aunin da ya fi wannan dacewa: in maza ne ke yaɗa halin, za a tarar da zuma mai halin Afirka da alamar uwa ta Turai. In iyaye mata ne, za a tarar da alamar Afirka a bakin gaba.

Hanyar karanta alamar a wancan lokaci ita ce a zuba wa DNA wasu sinadarai da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ke aiki kamar almakashi, kowanne yana yanka ne kawai inda ya tarar da wani jerin haruffa. Idan jerin ya bambanta tsakanin iri biyu, guntayen da za su fito za su bambanta a tsawo, a gan su a jere a kan faranti.

Sakamakon 1989

A 1989 mujallar Nature ta buga bincike biyu a fitowa ɗaya. Deborah Smith da Orley Taylor da Wesley Brown sun duba samfura 62 na wannan zuma daga Barazil da Benezuwela da Meziko, suka tarar kashi 97 cikin ɗari suna ɗauke da alamar uwa ta scutellata. Glenn Hall na Jami'ar Florida da abokin aikinsa Muralidharan, da nasu samfuran daban, sun kai ga matsaya ɗaya, har a cikin ayarin daji da aka kama a Meziko, dubban kilomitoci daga Rio Claro. Ma'anar wannan ita ce akwai sarƙar uwa da 'ya da jika wadda ba ta yanke ba tun daga sarauniyoyin da Kerr ya shigo da su. Mazan Afirka suna shiga amyoyin masu kiwo su sauya su, wannan gaskiya ne, amma sarauniyoyin Turai ba sa iya kafa zuri'a mai ɗorewa a daji. Gadon yana kwarara ta gefe ɗaya.

A ganina wannan bincike ya cancanci duk yabon da ya samu, domin tambaya ɗaya ya yi, kuma ya zaɓi ma'aunin da aka halitta don amsa ta. Ya kuma bayyana abin da ya sa shingen Tehuantepec bai tare komai ba. Mazan Turai da aka cika yankin da su ba za su hana ayari wucewa ta cikin daji ba, kuma kafin a gama shiri zuman ya riga ya tsallake.

Matsalar ta fara ne lokacin da aka miƙar da sakamakon fiye da inda ya tsaya. Daga "iyayensu mata 'yan Afirka ne" sai aka zarce zuwa "zuman Afirka ne tsantsa". Magana ta biyu ba ta fito daga ta farko ba.

Inda maganar ta fara tsagewa

A 1991 bincike biyu suka ja da wannan miƙewa. Walter Sheppard da Thomas Rinderer da abokan aikinsu sun bi Ajantina daga arewa zuwa kudu, suka tarar da wani faffaɗan yanki a tsakiya inda ake samun kowane irin haɗi: jikin Afirka da alamar uwa ta Turai, jikin Turai da alamar uwa ta Afirka. A yankin Yucatán na Meziko ma Rinderer ya ga ruwa-biyu da yawa. Yucatán ya bambanta da dajin Amazon ta fuska mai muhimmanci. Yanki ne da kiwon zuma ya yi ƙarfi ƙwarai, amyoyin Turai sun cika shi, don haka masu zuwa sun tarar da jama'a a gabansu. Wani bincike da Kylea Clarke da Benjamin Oldroyd da wasu suka yi daga baya ya nuna yadda abin ya gudana a can. A 1989, 'yan shekaru bayan isowar, jinin Afirka ya shiga ta wajen maza, alamar uwa kuwa ta Turai ce kusan ko'ina. Zuwa 1998 alamar uwa ta Afirka ta kai kashi 61, gadon cibiya na Afirka ya kai kashi 65. Wanda ya ɗebi samfuri a 1989 da wanda ya ɗeba a 1998 za su ba da labari biyu masu karo da juna, alhali kowannensu gaskiya ya gani.

Akwai kuma wata matsala da ta fito daga tarihin zuman kansa. Friedrich Ruttner, masanin da ya shafe rayuwarsa yana auna jikin zuma daga ƙasashe daban-daban, ya raba Apis mellifera zuwa manyan rassa huɗu a 1988: A na Afirka, M na yammaci da arewacin Turai, C na kudu maso gabashin Turai, da O na Gabas ta Tsakiya. Da Lionel Garnery da Jean-Marie Cornuet da Michel Solignac a Faransa suka bi ta mitokondiriya a farkon shekarun 1990, sun tabbatar da rassan a dunƙule, amma sun sauya wa wasu iri wurin zama. Zuman Arewacin Afirka, wanda Ruttner ya haɗa da M, alamar uwarsa ta A ce. Su ne kuma suka fito da gwajin da ya zama ruwan dare, wanda ke duban wani ɗan fili tsakanin ƙwayoyin gado biyu, COI da COII. Filin yana da yanki biyu da aka sa wa suna P da Q. Reshen C ba shi da P, Q ɗaya gare shi. M da A suna da P, kowanne da siffarsa, kuma Q kan maimaitu sau biyu ko uku ko fiye. A yanka filin da sinadarin DraI, sai tsatson uwa ya bayyana. Da wannan gwaji aka gano ƙarin reshe a Habasha a 2001, aka kira shi Y.

To ga inda abin ya shafi Amurka. Zuman Sifaniya da Fotugal, musamman na kudanci, da yawansa alamar uwa ta reshen A yake ɗauke da ita, duk da cewa a gadon cibiya ɗan M ne. Mutanen waɗannan ƙasashe kuwa su ne suka mallaki Amurka ta Kudu, kuma an kai zumansu can. Haka nan an shigo da zuman Masar, lamarckii, cikin Amurka a shekarun 1860, kuma an tarar da alamarsa a gidajen daji na kudancin ƙasar fiye da shekara ɗari bayan haka. Ashe akwai alamar uwa mai nasaba da Afirka a nahiyar tun kafin a haifi Kerr. A 1999 Sheppard ya sake gwada samfuran Ajantina da wani sinadarin yanka daban, ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka lissafa a matsayin 'yan Afirka ba alamar scutellata ba ce a jikinsu. Gwajin da ya tsaya a "A ne ko ba A ba ne" yana haɗa baƙon jiya da mazaunin da ya daɗe.

Dajin Welder: shekara goma sha ɗaya a wuri ɗaya

Binciken da na fi ba wa muhimmanci a duk wannan lamari an yi shi ne a gandun namun daji na Welder da ke kudancin Texas. Masu bincike sun riƙa bin gidajen zuman da ke kogunan itatuwa a wurin suna ɗiban samfuri kowace shekara daga 1991 zuwa 2001, wato sun fara tun kafin baƙin su iso. Alice Pinto, 'yar Fotugal da ke aiki a Jami'ar Texas A&M a lokacin, ita ce ta jagoranci nazarin samfuran, daga gidaje 451.

Kafin isowar, mazauna gandun haɗin gambiza ne na zuriyar gabashin Turai da ta yammacin Turai da ɗan ragowar ta Masar. A 1993 aka fara ganin alamar scutellata. Sai kuma wani abu ya faɗo wanda ba shi da alaƙa da Afirka: ƙwaron Varroa, mai kama da ƙaramar kaska, wanda ke manne wa zuma da tsutsarsa yana tsotsa, ya isa yankin a tsakiyar shekarun 1990 ya karkashe gidajen Turai da yawa. Kogunan da suka zama kango sai baƙi suka cike su. Daga 1997 zuwa 2001 alamar uwa ta scutellata ta tsaya a wajen kashi 69. Da aka duba gadon cibiya kuma, sai aka ga kashi 25 zuwa 37 na Turai ne, kuma gadon ya bi ta uwa ya bi ta uba, ta ɓangarorin biyu. Cikin shekara biyar tsofaffin mazauna sun narke cikin sabuwar al'umma ta ruwa-biyu. Da Juliana Rangel da abokan aikinta suka koma gandun a 2013, alamar uwa ta Afirka ta hau zuwa kusan tara cikin goma, amma rabon gadon cibiya bai motsa sosai ba.

Wannan rarrabuwa ta ƙarshe ita ce zuciyar lamarin. A itace ɗaya, a gida ɗaya, ma'auni biyu suna tafiya da gudu daban. Ba don an ajiye samfuran 1991 da 1992 ba, da babu mai iya cewa ga abin da aka tarar, ga abin da ya sauya, kuma da rawar da Varroa ya taka ta ɓace cikin labarin fifikon zuman Afirka. Aikin hawa itace da ɗiban ƙudaje ana sawa a kwalba shekara bayan shekara ba shi da armashi, ga shi kuwa duk hujjar a kansa ta tsaya.

Me ya sa iyaye mata na Afirka ke yin nasara

Stanley Schneider da Gloria DeGrandi-Hoffman da Deborah Smith sun tattara dalilan a 2004, kuma ba ɗaya ba ne. Gidan zuman Afirka yana zuba ƙarfinsa a kan renon 'ya'ya fiye da tara zuma, ma'aikaciyarsa tana ƙyanƙyashewa cikin kwana 19 ko ƙasa da haka, ta Turai kuwa 21, don haka yana cika da wuri ya rabu sau da yawa a shekara. Yana kuma fitar da maza da yawa. Idan gida ya reni sabbin sarauniyoyi daga uba daban-daban, waɗanda ubansu ɗan Afirka ne sukan riga fitowa, kuma wadda ta riga fita ita ke kashe sauran tun suna cikin ɗakunansu. Akwai kuma ƙwace: ƙaramin ayarin Afirka ya sauka a jikin amyar Turai mai rauni, ya kutsa ciki, a kashe sarauniyar gidan, tasu ta hau. A irin wannan hali alamar uwar gidan takan sauya gaba ɗaya cikin 'yan makonni.

Wani dalilin ya taɓa mitokondiriyar kanta. Jon Harrison da Glenn Hall sun auna yadda zuma ke ƙona kuzari a lokacin tashi a 1993. Na Afirka ya fi na Turai, ruwa-biyu kuwa bai faɗo a tsakiya ba, ya yi ƙasa, musamman wanda uwarsa ta Turai ce. Furotin ɗin da ke wannan aiki wasu daga DNA na mitokondiriya ake haɗa su, wasu daga na cibiya, kuma dole su dace da juna. Idan haka abin yake, alamar da aka ɗauka a matsayin mai ba da labari kawai tana da hannu a cikin abin da ke faruwa. Binciken Erin Calfee da abokan aikinta na 2020 ya ƙara wa wannan zato ƙarfi. Sun karanta DNA na zuma a Kalifoniya da Ajantina, suka ga jinin Afirka yana raguwa a kusan nisa ɗaya daga tsakiyar duniya ta arewa da ta kudu, abin da ke nuna yanayi ne ya ja iyakar, kuma alamar uwa tana faɗuwa da sauri fiye da yawancin gadon cibiya a wannan iyaka.

Da aka buɗe gadon cibiya sosai sai ga wani abu da mitokondiriya ba za ta taɓa nunawa ba. Charles Whitfield da abokan aikinsa sun duba alamomi 1,136 a 2006, suka ga abin da ya rage na Turai a jikin wannan zuma galibi na reshen M ne, na reshen C kuwa, wato na Italiya da danginsa, shi ne ya fi shafewa. A Barazil an kiyasta kusan kashi 84 na Afirka ne, ragowar na M. Binciken Whitfield ya kuma nuna cewa M ya fi kusa da A a kan C, duk da cewa M da C maƙwabta ne a Turai. Daga nan suka ce Afirka ce mahaifar jinsin. Wasu bincike na 2014 da 2021, da suka karanta DNA gaba ɗaya, sun karkata zuwa yammacin Asiya, kuma suna da hujjar cewa sauran jinsunan Apis duk a Asiya suke. Guntun zoben uwa ba zai iya raba wannan gardama shi kaɗai ba, saboda tarihin zuri'a ɗaya tak yake ɗauke da shi cikin dubbai.

Gwaji da zafin rai

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen aiki da gwajin. Saboda yana da arha da sauri, dakunan gwaji na hukumomi sun daɗe suna amfani da alamar uwa wajen yanke hukunci ko gida na zuriyar Afirka ne ko a'a. Amma abin da mai kiwo da maƙwabcinsa suke son sani shi ne ko gidan zai yi harbi, kuma halin kare gida a gadon cibiya yake. Ernesto Guzmán-Novoa da Greg Hunt da abokan aikinsu sun haɗa iri biyun ta kowace fuska a Meziko, suka ba da rahoto a 2005 cewa ruwa-biyun da ubansa ɗan Afirka ne, uwarsa ta Turai, ya fi zafin rai a kan wanda aka haɗa akasin haka. Wato gidan da ya fi haɗari cikin biyun shi ne daidai wanda gwajin uwa zai wanke ya ce na Turai ne. Mai kiwo ya sayi sarauniyar Italiya, ta mutu, 'yarta ta fita ta yi barbara da mazan daji, takardar gwaji ba za ta sauya ba, halin gidan kuwa ya riga ya sauya.

Tsibirin Puerto Rico ya nuna ɗaya fuskar. An fara ganin wannan zuma a can a 1994. Alamar uwarsa ta Afirka ce har yau, amma cikin shekaru kaɗan ya yi sanyin hali kusan kamar na Turai, yana kuma riƙe da juriyarsa ga Varroa. Binciken Arian Avalos da abokan aikinsa na 2017 ya gano sauyin a wurare da yawa na gadon cibiya. Tsibiri ne mai cunkoson jama'a, gidan da ya cika faɗa ba ya daɗewa kafin a halaka shi, masu haƙuri su ne suka yi saura suka hayayyafa. Wanda zai hukunta wannan zuma da alamar uwa kaɗai zai ƙone irin da masu kiwo a wasu ƙasashe ke nema ruwa a jallo.

Ostireliya, wadda ba ta da zuriyar scutellata kuma ba ta son ta shigo, ta fuskanci tambayar ta wata hanya lokacin da masu kiwonta suka so shigo da maniyyin zuma mai jure Varroa daga waje. Maniyyi ba ya gadar da mitokondiriya, abin da zai shigo da shi gadon cibiya ne zalla, kuma namijin da uwarsa ke da alamar Turai yana iya ɗauke da rabin jinin Afirka ko fiye. Saboda haka Nadine Chapman da Oldroyd a Jami'ar Sydney suka haɗa wani gwaji a 2015 mai duban alamomi 95 da ke warwatse a cikin kuromozom, wanda ke ba da amsa da kaso: kashi nawa na wannan zuma daga reshen A ne, nawa daga M, nawa daga C. Hukuma ce kuma za ta yanke kason da in an haura shi ba za a bari kaya su wuce tashar shigowa ƙasar ba.